Ba a Yi wa Maigirma Magana ta Ƙeya

Jama'a, in kun ga rubutun yau ya karkace ku yi mini uzuri. Kafaɗata ta dama ce ba ta ɗaguwa, domin jiya na yi wa ƙasa hidima: wuni na yi ɗauke da lasifika a ɗakin baƙin wani babban mutum, ko ruwa ba a ba ni ba.

Jiya ce ranar kasuwar garinmu, kun kuwa san yadda take cika, mutanen Tarka da na Belbeji da na Tanut duk nan suke haɗuwa. Da hantsi sai ga Aghali a ƙofar gidana. Makiyayi ne daga wajen Tenhya, mun daɗe tare, shi ke kawo wa iyalina cuku. Farin nan da aka yi ya share masa garke, abin da ya rage taguwa ɗaya ce mai shayarwa, nononta 'ya'yansa ke sha. To ita ce ta tsinke dabaibayi ta ɓace. Ba roƙo ya zo ba, cigiya yake so a yi masa kafin kasuwa ta watse, don in makiyayan nan suka koma daji ba su ji ba, shi ke nan.

Na ce wannan ai abu mai sauƙi. Muna da lasifika huɗu a kan itacen tsakiyar kasuwa, waɗanda aka kafa da kiɗa da jawabi, aka ce mun shiga zamani. A ranar ce ma aka sallami Haruna mai shela, wai maƙogwaronsa ya tsufa, ya yi fushi ya koma Damagaram sayar da goro. Muka je gindin itacen muka ɗaga kai, sai waya kawai ke lilo. Mai shayin wurin ya ce an kai su gyara. Da na tambayi wajen wane makaniki, sai ya nuna mini gidan Maigirma da haɓa, ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Maigirma, Allah ya ƙara masa girma a kan wanda ya riga ya yi masa yawa, shi ne uban kwamitin jin daɗin jama'a. Da yake shi ma cikin jama'a yake, sai ya fara aikin daga kansa. Tun daga nesa muka jiyo injin wutarsa na ruri. Motocin tasha sun gaji da bin layin mai har direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, amma wannan injin ban taɓa jin ya yi ko tari ba.

Abin mamaki, mai gadi bai tsare mu ba, da fara'a ma ya shigar da mu. Ashe hannuwa ake nema. Maigirma ya sayo bidiyo, ƙanin matarsa Sani kuma ya taɓa shiga wani gida a Yamai inda ya ga sauti na kewaye mai kallo ta ko'ina. Ga lasifikokin kasuwarmu a ƙasa, waɗanda aka ƙera don a ji su har bakin rijiya, za a kafa su a ɗaki guda. Bangon ya sha sabon fenti, ba za a buga ƙusa ba sai an tabbatar da wuri. Don haka ni da Aghali da mai gadi da direba muka zama ƙusoshi.

Sani ya ce ka'ida ita ce biyu gaba, biyu baya. Ya ja ni ya tsayar a bayan kujerar Maigirma. Maigirma ya waiwayo a hankali ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Tun da na zama mutum ba a taɓa yi mini magana ta ƙeya ba," in ji shi. "Mai magana da ni gabana yake zuwa ya durƙusa."

'Yan rakiyar zama da ke kan kilishi suka ce wallahi gaskiya ne, rashin tarbiyya ce. Sani ya yi ƙoƙarin bayani, ya ce in doki ya taho ta baya a cikin fim, ta baya ya kamata a ji sukuwarsa. Maigirma ya ce dokin ya zagayo.

Aka ce to mu ɗaga su sama. Muka ɗaga, sai wani ya lura sun fi hular Maigirma tsawo, aka ce a sauke maza. Aka gwada gefen dama, wani dattijo da ya shekara yana zama a wurin ya rantse ba ƙarfen da zai raba shi da hannun daman maigida. Duk wannan hidima Aghali na ta buɗe baki zai yi magana ana ce masa ya riƙe da kyau, ni kuwa ina kallon inuwa tana gajarta ta taga.

Can Sani ya ce ba za a gane wuri ba sai an ji sauti, ga shi kaset bai iso daga Kano ba. Maigirma ya ce a ba mai rawanin nan abin magana, tun ɗazu bakinsa ke motsi. Na ce a raina Allah ya kawo mu. Aghali ya gyara tsayuwa, lasifika a kafaɗa, ya fara:

"Jama'a, ina cigiyar taguwa ja, mai farin goshi, da shaidar wuta a wuyan hagu. Tana shayarwa. Ita kaɗai gare ni. Wanda ya gani, don Allah."

Ɗakin ya ɗauka, kofunan shayi suka yi ta kaɗawa a kan tire. Maigirma ya lumshe ido ya karkata kai. Ban taɓa ganin babban mutum ya saurari talaka haka ba, har na ji sanyi a raina. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Ta hagu ta fi ƙara. Sake faɗa."

Aghali ya sake. Aka matsar da ni, ya sake. Aka durƙusar da direba, ya sake. Mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba ya yi ta cewa ita kaɗai gare ni har muryarsa ta dushe, mutanen kilishi na gardamar ko sautin ya fi zaƙi daga wajen ƙofa. Takaici ya cika ni, da kunyar ni na kawo shi. Na yi ƙarfin hali na ce, ranka ya daɗe, ko ɗaya a ara mana mu kai kasuwa, yanzu mu dawo da ita. Ya dube ni da tausayi irin na mai ilimi, ya tambaye ni inda na taɓa ganin an kewaye mutum da uku.

Daga ƙarshe dai hikima ta yi halinta. Aka jera su huɗun a ƙasa gaban kujera, bakunansu na kallon sama, kamar masu kawo ƙara. Sani ya yi gunaguni cewa hakan ba shi da bambanci da guda ɗaya, ba wanda ya kula shi. Aka sa Aghali ya yi na ƙarshe, Maigirma ya yi murmushi ya ce wallahi kamar taguwar tana cikin ɗakin nan.

Da muka fito la'asar ta yi. Kasuwar dabbobi ba kowa sai turaku da kashin awaki, masu raƙuma sun yi nisa. Aghali ya tari 'yan tsirarun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, da muryar da sai ka kai kunne. Bai zarge ni ba, da ma ya zarga da na fi samun sauƙi. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya kama hanyar arewa a ƙasa, zai je ya gaya wa yara.

Saboda haka ni zan yi cigiyar a nan. Na san jaridar nan sai ta gama hutawa a Damagaram take isowa, na kuma san makiyaya ba ta ita suke yi ba. Amma in mai tsire ya ƙunsa muku nama a wannan shafin, ku duba kafin ku yar: taguwa ce ja, mai farin goshi, da shaida a wuyan hagu. Wanda ya gan ta ya kai labari rijiyar Tenhya. Kada ya wahalar da kansa zuwa gidan Maigirma, can an riga an ji, daga kowane ɓangare.