Ranar da Jip ɗin Honarabul Ta Fara Kuka

Ku da kuke ganin direban ɗan siyasa ya gama more duniya, ku matso ku ji.

Shekara uku da wani abu na yi ina tuƙa Honarabul Ɗayyabu, ɗan majalisarmu na jiha, kuma ban ga abin da yake so a duniya kamar baƙar jip ɗinsa ba. Ƙuda ya sauka a gilashinta, sai ya kira ni ya ce ina nake har haka ta faru. Kullum cewa yake babban mutum ko bai buɗe baki ba, motarsa za ta yi magana a madadinsa.

To, ta kuwa yi.

Ana saura sati shida zaɓen fidda gwani, muna ta yawon gaida wakilai ƙauye-ƙauye, sai na fara jin wani ɗan sauti daga baya, siriri kamar sauro a kunne.  Bayan sati ya koma kamar ana busa sarewa. Kafin sati na uku, da na taka totur sai ta ɗauki kuka, wuuuu, daga ƙarƙashin kujerar da Oga yake zama, har in zai yi waya sai ya toshe ɗaya kunnen. 'Yan adawa suka samu abin yi. Duk majalisar da muka gifta sai ka ji an ce, "Ga mai jiniya nan!" Wani mara kunya ma cewa ya yi motar ce ta riga kowa ganin sakamakon zaɓe, shi ya sa ta fara makoki tun yanzu.

Babu inda ba mu je ba. Mai faci ya ce tayoyi ne, aka canza huɗu, kuka na nan. Muka tafi wani babban gareji a birni, masu fararen riguna suka jona mata kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiyarta ƙalau. Duk da haka suka canza boris ɗin ƙafafun baya, wato ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kansa, da salansa. Muna fitowa daga ƙofarsu ta ɗora daga inda ta tsaya. Daga nan Oga ya yanke hukunci cewa sammu ne, abokin hamayyarsa ne ya sa aka yi mata. Aka kawo wani mai duba daga nesa, ya zagaya ta sau bakwai, ya yi mata hayaƙi, ya shiga ƙarƙashi ya ɗaɗɗaure layu. Abin da ya ƙaru kawai, yanzu tana kuka tana warin turaren aljanu.

Ranar Laraba da safe Oga ya kira ni falo.

"Hashimu, Asabar ne taron wakilai, kuma kowa da kowa zai zo. In motar nan ta yi mini kuka a gaban jama'a, ka ajiye mini makullina ka san inda ka nufa. Da hannunka a ciki ko babu, kai ka sani."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata a wurina. Na fito waje. Sai na tuna da Baba Nomau, wani tsohon bakanike da ke bayan 'yan katako, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motoci. Garejinsa ba komai ba ne illa bishiyar ɗurumi, da rami, da akwatin sifanu. Na so in kai ta ni kaɗai, Oga ya ce ba mai taɓa masa mota ba ya wurin.

Muka same shi zaune a kan tsohuwar taya yana cin rogo da ƙuli. Ya ga babbar riga ta fito daga mota, ko motsi bai yi ba. Sai da ya siɗe yatsunsa tas sannan ya ce, "Sannunku da zuwa. Yaushe take kukan?"

Oga ya ce, "Kullum! Ai maƙiya ne suka..."

"Ba kai na tambaya ba, ranka ya daɗe. Mai tuƙa ta nake tambaya. Kai ai zama kake."

Na haɗiye dariya da ƙyar. Na gaya masa yadda ta fara da abin da aka canza. Ya girgiza kai, ya ce mu hau titi. Ya sa Oga ya koma kujerar gaba, abin da ban taɓa gani ba, shi kuma ya buɗe but ya haye da rigarsa mai baƙin mai, ya kwanta rub da ciki a kan kafet ɗin da nake gogewa da buroshi kullum, ya manna kunne a ƙasa. Oga ya waiwaya ya kalli kafet, ya kalle ni, ya runtse ido.

"Taka, ɗana."

Na taka. Wuuuu.

"Saki."

Na ɗaga ƙafa, kukan ya sassauta.

"Sake takawa. Yauwa. Yanzu karkata dama, ka dawo hagu. Sauka gefen kwalta ka bi ƙasa. Shi ke nan, mu koma."

Da muka dawo ya sauko yana kaɗe riga, wai kafet ɗin ne ya ɓata masa ita. Ya ce, "In boris ɗin ƙafa ne, da ka karkata sai muryar ta canza. Ba ta canza ba. In taya ce, da mun sauka daga kwalta sai ta canza. Nan ma ba ta canza ba. Wannan totur take bi, ka taka ta yi, ka saki ta huta. Daga tsakiya take fitowa, cikin bak-aksil." Ya nuna mini ƙullin ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya, wanda yake raba musu ƙarfin da ya taho daga inji.

Muka hau da ita kan rami. Ya sa jak ya ɗaga bayanta, ya ce in tayar in sa giya, tayoyi suna juyawa a iska. Ya ɗauki wata doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin tulun, ya kanga kunne a ƙotar, yana matsar da ita nan da can kamar likita a ƙirjin mara lafiya. Da ya iso inda farfela, doguwar sandar da ke kawo juyi daga inji, ta shiga tulun sai ya tsaya, ya ce in kashe.

Can muka ji shi daga cikin rami yana cewa, "Wannan kuma sabon samfuri ne?" Sai ga hannunsa ya miƙo damin layu.

Oga ya ce, "Kai, mayar! Tsari ne!"

"To ranka ya daɗe, gara ka rataya a wuyanka. Ita dai ba su tsare ta ba."

Ya tara kwano ya kwance notin ƙasa. Ni na san man giya, ruwan zuma gare shi. Abin da ya zubo kuwa fari-fari ne, kauri kamar kunun gyaɗa, yana ɗan ƙyalli. Notin yana da mayen ƙarfe a bakinsa, ya fito da garin ƙarfe tsaye cirko-cirko kamar gemun bunsuru.

Oga ya yi tsalle. "Kun gani ko! Na faɗa! An zuba mata wani abu!"

Baba Nomau ya ce, "Ruwa ne ya haɗu da mai. Ka bar mini ita zuwa Juma'a. Mu ceci mara lafiya tukuna, ma nemi maye daga baya."

Alhamis a nan na yini. Baba Nomau ya sauke tulun ya wargaza shi a kan buhu, ya wanke komai da kananzir. Ya nuna mini boris ɗin da ke riƙe ƙaramin haƙorin ƙarfen da farfela take juyawa, duk ya yi tsatsa ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ya juya shi a kusa da kunnena, na ji yana ƙarar tsakuwa. Manyan haƙoran kuwa Allah ya taimaka ba su kai ga lalacewa ba, ya ce da mun ƙara sati biyu sai dai a sayi tulun ɗungurungum. Na hau babur na nemo sabon boris da sil, robar da ke hana mai yoyo, a 'yan sifiya. Wajen haɗawa ne na ga aiki. Ya shafa jan fenti a haƙoran, ya juya, ya duba inda fentin ya goge, ya kwance, ya ƙara wani siririn zobe na ƙarfe, ya sake ɗaurewa. Sau huɗu yana yi. Na ce, "Baba, ai ya yi haka." Ya ce, "Kai za a kora, ba ni ba. In ka ce ya yi, ya yi." 

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Oga ya zo da 'yan rakiyarsa. An cika tulu da sabon mai. Muka hau titi, na taka har ɗari da ashirin. Tsit. Ba ka jin komai sai iskar na'urar sanyi. Oga ya sa na kashe ta ita ma, ya kasa kunne, ya yi murmushin da rabona da gani tun kafin damina. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Hashimu, riƙe makullinka." Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Da muka koma gareji mutane sun taru, masu walda, 'yan katako, 'yan acaɓa, kowa ya zo ganin mai jiniya ta yi shiru. Oga yana ganin taro sai jini ya motsa. Ya gyara hula, ya ɗaga murya.

"Baba Nomau, yanzu a gaban jama'a ka faɗa musu gaskiya. Wane azzalumi ne ya zuba wa motata ruwa?"

"Ba wanda ya zuba mata, ranka ya daɗe. Da kanta ta sha."

"Kamar yaya ta sha?"

"Tulun nan yana da ɗan hanci a samansa, da shi yake numfashi. In ya yi zafi da tafiya aka tsunduma shi a ruwa mai sanyi, sai ya zuƙa. Ɗana Hashimu, kun shiga ruwa mai zurfi kwanan nan?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na sosa ƙeya, na ce, "E to, Baba, Rafin Gauraka. Wakilai tara ne a tsallake, mun haye ya kai sau shida. Ruwan har ƙofa yake kawowa."

Oga ya harare ni, kamar ba yana cikin motar muke hayewa ba. "Wane irin zance ne wannan? Ai akwai gada a Rafin Gauraka! Ni da kaina na ƙaddamar da ita, an sa a rediyo!"

Baba Nomau ya ce, "Ni ɗan tsallaken ne, ranka ya daɗe, duk sati ina zuwa gida. Allon aikin gadar dai yana nan da hotonka, ya yi kyau ƙwarai. A gindinsa muke tuɓe wando in za mu haye."

Wani ɗan acaɓa ya tuntsire, 'yan rakiya suka shiga duba wayoyinsu. Oga ya yi gyaran murya, ya matso kusa, ya sassauta.

"To, bar wannan zancen. Ni dai gaya mini, me za a yi kada ta sake? Ko akwai wani mai na musamman, ko wani ƙarfe da zan sa a kawo daga waje?"

Baba Nomau ya goge hannunsa da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Magani biyu ne, ranka ya daɗe. Ko ka gina gadar, ko ka koma yadda ka saba. Shekara ukun da ba ka leƙo mu ba, ai ko tari ba ta taɓa yi ba."