Ranar da Alhaji Barau Ya Zama Jakada

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Barau mai katifa, amma in kana so ya waiwayo da sauri sai ka ce Ambasada. Bakin mutumin nan ya fi shagonsa faɗi. Babu yaƙin da aka yi a duniya bai leƙa ba. Wai harsashi ya taɓa shiga ta hannun rigarsa ya fita ta ɗayan, shi kuwa yana cin gyaɗa abinsa. Mu dai iyakar saninmu, sau ɗaya ya taɓa zuwa bakin iyaka, ɗaurin aure, kuma da ciwon ciki ya dawo.

To, da yaƙi da 'yan tawaye ya yi zafi a bakin iyaka, sai ɓarayi suka samu sarari a gari. Unguwa ta ce a kafa 'yan sintiri, a zaɓi shugabansu ranar Asabar. Barau ya ce kujerar nan tasa ce ko ana ha-maza-ha-mata. Har ya sa an ɗinka masa kaki mai aljihu a gwiwa.

Ana cikin haka aka faɗa a rediyo cewa an naɗa sabon kwamandan rundunar haɗin gwiwa, wadda ƙasashen yankinmu suka haɗa sojojinsu a ciki. Ranar Alhamis jakadun ƙasashe za su zo barikin garinmu su nuna masa goyon baya, kuma za a haska a talabijin kai tsaye.

Muna zaune a teburin Ɗan'asabe mai shayi, sai Barau ya dire kofi, ƙwas.

"Wa aka naɗa? Ai yarona ne. Tare muka yi langa. Ni na koya masa riƙe bindiga."

Ilu tela, wanda ba ya bari magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "To Alhaji, ai sai mu gan ka cikin jakadun."

"Malam Ilu, in ba ku gan ni a sahun gaba ina magana ba, kada wanda ya zaɓe ni ranar Asabar."

Muka ce mun ji, mun shaida.

Ashe gogan ya daɗe da lura cewa duk motar da ke da 'yar tuta a goshi, sojoji ba sa tambayarta komai, sai dai su sara mata. Ya lallaɓa shagon Ilu ya ce a ɗinka masa tuta.

"Ta wace ƙasa, Alhaji?"

"Kai dai haɗa kala uku ka liƙa tauraro. Kuma bakinka alaikum."

Ilu ya tsinto ragowar ƙyallen ankon biki ya haɗa masa. Sirri kuwa a bakin Ilu kamar ruwa ne a kwando. Kafin la'asar har masu tallan awara sun sani.

Ranar Alhamis Barau ya ari baƙar motar surukinsa, ya ɗaure tutar a jikin kara da robar tayar keke, ya kafa ta a goshin motar, ya laɓe a shataletale. Ayarin jakadu na wucewa da jiniya, wiii, ya saƙa kansa a wutsiya. Sojojin bakin ƙofa suka ƙame, suka sara wa ankon biki.

Mu kuma mun cika rumfar Ɗan'asabe, ba masaka tsinke, ido a kan talabijin. Sai ga mutuminku a sahun gaba. Babbar riga ta sha sitaci, hula ta karkace, yana zaune tsakanin wani dogon jakada da wata jakadiya mai tabarau. A gabansu ga teburi shaƙe da kulolin shinkafa da kaji, shi kuwa sai ɗaga murfi yake yana leƙawa. Ɗan'asabe ya ce, "Jama'a, mutumin nan fa ya ci zaɓe."

Sabon kwamanda ya tashi jawabi. Ashe ɗan ƙasar maƙwabta ne, ko sannu bai iya da Hausa ba, Faransanci yake zubawa tafinta na juyawa.

Ilu ya ce, "Oho, ashe da Faransanci suka yi langar."

Daga nan aka shiga miƙa makirufo hannu zuwa hannu. Wannan jakada ya ce ƙasarsa ta ba da motoci. Waccan ta ce magunguna. Makirufo ya iso hannun Barau. Mai hankali sai ya miƙa gaba ya jira shinkafa. Amma Barau da makirufo? Ya miƙe, ya gyara riga, ya yi gyaran murya.

"A madadin ƙasata da jama'ata, muna bayanka, ranka ya daɗe, har ɗigon jininmu na ƙarshe. Ni kaina gobe ina fagen daga. Ni da kuke gani, in ban ji ƙarar bindiga ba barci ba ya ɗaukata."

Tafinta ya juya. Kwamanda ya gyaɗa kai. Tafi raf raf raf.

Abin da ba wanda ya gaya wa Barau shi ne, sojoji suna da al'ada. In an gama jawabai a irin wannan taro, sai a harba igwa don ban girma, hayaƙi ne da ƙara kawai, babu harsashi. Igwar kuwa tana nan bayan rumfa, dab da ƙeyarsa. Jakadu sun san da haka, duk suka miƙe tsaye suka nutsu. Barau ya ɗauka shi suka miƙe wa, har yana ɗaga musu hannu yana cewa su zauna, ba komai.

Dummm.

Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi tsalle irin wannan ba. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ya faɗa ƙarƙashin teburi ya ja mayafin teburin, kuloli suka biyo shi, kwaram kwatsam, kaji na gangarawa gaban jakadu. Makirufo kuwa yana hannunsa, ya ƙanƙame shi gam, duk ƙasa na ji.

"Innalillahi, sun iso. Hajiya Tabawa matata, ki yafe mini, ki kula da shago."

Dummm, ta biyu.

Wani soja ya sunkuya ya kama ƙafarsa zai jawo shi. Barau ya ji an damƙe shi ta baya, ya tabbata 'yan tawaye ne.

"Don girman Allah, ranka ya daɗe ɗan tawaye, ni ban goyi bayan kowa ba! Katifa nake sayarwa. Shinkafa na zo ci."

Tafintan nan kuwa, bawan Allah mai riƙon amanar aiki, ya gyara tsayuwa ya juya wa kwamanda da jakadu maganar kaf, bai rage ko shinkafar ba.

A rumfar Ɗan'asabe benci ya karye. Ni kaina sai da aka yi mini fifita.

Ranar Asabar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Abin mamaki, sai ga Barau cikin kakinsa mai aljihu a gwiwa, wai dabarar yaƙi ce ya yi, kwanton ɓauna. Mai unguwa ya danne dariya ya ce, "To jama'a, wa ke goyon bayan Alhaji Barau?"

Aka shiga kallon-kallo. Can sai Ilu ya ɗaga hannu. Barau ya washe baki ya fara gyara hula.

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu goyi bayan kowa ba. Shinkafa muka zo ci."