Ranar da Rokar Alhaji Ta Fi Iska Tsabta

Har gobe ba zan manta da ranar da na kai na'urar makarantarmu tashar mota a Funtuwa ba. Ina shekarar ƙarshe, kuma fitata ta rataya a kan aiki guda: auna gubar da ke cikin hayaƙin motoci. Sai da na sha sintiri kafin shugaban direbobi, Alhaji Sale, ya yarda, ya ce yini ɗaya tak, kada kuma in tare musu lodi.

Aikin na'urar ba wuya a baki. Tana zuƙo hayaƙi daga salansa, ta ratsa shi da hasken infirared wanda ido ba ya gani. Kowace guba tana shanye rabonta na hasken, abin da ya ragu shi ke nuna yawanta. Amma kafin a fara sai ta shaƙi iska mai tsabta, don da ita za ta riƙa gwada sauran. Ni kuwa (sanye da farar rigar ɗakin gwaji, ina ta hura hanci) na shaƙar da ita dab da ɗan janaretan da na aro ya ba ta wuta, yana ta tuttula nasa hayaƙin.

Motar farko ta Alhaji ce, tsohuwar roka mai jigilar masara daga Bakori, wadda in ta tashi sai mai shayi ya rufe kofunansa. Na zura bututu, na gyara murya, na karanta da ƙarfi. Lambar ta faɗi ƙasa da sifili.

Alhaji ya tambayi ma'anar haka. Bakina ya riga hankalina, na ce ai hayaƙinta ya fi iskar gari tsabta ke nan.

"To, madalla," in ji shi. "Malam, rubuta mini shaida, gobe in ajiye motar a ƙofar asibiti marasa lafiya su amfana."

Tasha ta ɓarke da dariya. A nan idona ya sauka kan janaretan, na gane hayaƙinsa na'urar ta ɗauka a matsayin iska mai tsabta, kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Sai dai in na tattara na tafi, na maimaita shekara. Na dake, na ce kuskurena ne, a taimaka mini da gobe. Alhaji ya ce albarkacin dariyar da na ba su, an ƙara mini.

Washegari na nemo batirin mota a madadin janareta, na hau acaɓa har wata gonar dawa a hanyar Danja, na'ura ta shaƙi iskar Allah, na dawo na bi motocin ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Da sakamakon nan na fita makaranta.

Yanzu kafin in auna hayaƙin kowa, sai na waiga na ga wanda ni nake tayarwa.