Sifikun Injiniya da Muryar Auta

"Ni fa da ido kawai nake gyara kayan wuta. In na harari rediyo, da kanta take kama tasha."

Wannan mijin yayata ke nan, wanda muke kira Injiniya, ko da yake ko fitilar hannu bai taɓa gyarawa ta tashi ba. Kuma ka san wani hali nasa? Duk saƙon murya da ya tura a waya sai ya sake kunnawa ya saurara, yana gyaɗa kai, don a duniya babu sautin da yake so kamar nasa.

To, 'yarsa Auta za ta fito a talabijin ƙarfe huɗu, a gasar kacici-kacici ta makarantu. Innarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta zo tun safe don ta ji muryar jikarta. Talabijin ɗin kuwa magana yake kamar mai gulma.

Yaya ta ce, "Baban Auta, a kira mai gyara mana."

"Wancan mai hura ƙura? Kuɗina ba na banza ba ne."

Ya fita, ya dawo da sifiku biyu na hannu, ƙatta, marasa waya, wai a rabin kuɗi ya tsinto su. Ya fara gwada su da wayarsa. Suka yi tsawa har kofuna suka motsa a kan tebur.

"Kun ji aikin ilimi?" in ji shi.

Saura haɗawa da talabijin. Ya danna nan, ya danna can, shiru. Sai ya yanke hukunci cewa ƙaramar sifikar ciki ce ke hana manya magana. Ya kwance bayan talabijin da wuƙar kicin, ya datse wayarta da almakashi. Mai gulma ma ya daina gulmar. Garin neman gira an rasa ido.

Ƙarfe huɗu ta buga. Ga Auta a allo, tsaf da kayan makaranta, baki na motsi, ba ko tari. Inna ta matso da kujera, ta kara hannu a kunne. Wallahi ta ba ni tausayi.

Injiniya ya share gumi ya ce, "Bari in wanke hannu." Ya shige banɗaki da wayarsa.

Ba a yi minti biyu ba sifikun suka farka, da ƙarar da maƙwabta ma suka shaida:

"Ranka ya daɗe mai gyara, ka rufa min asiri. Na yanke wata jar waya, ban san ta mece ce ba. Ka biyo ta ƙofar baya, kada matata ta gan ka. Surukata na falo."

Ashe sifikun suna nan manne da wayarsa, shi kuma, kamar kullum, ya kunna saƙonsa don ya ji daɗin muryarsa.

Ya fito yana goge hannu, yana murmushi. Yaya ta riga ta ɗauki mayafi za ta kai Inna gidan maƙwabta, ko a samu ƙarshen gasar.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Shekara biyar rabon da in ji magana tas haka. Jar wayar ce ka yanke, ko?"