Ranar da Rabo Ya Je Neman Nono

"…da gida? Da gajiya? To, madalla. Ina shanu, su da sun ka hi ki hankali?"

"Lahiya lau suke, bawan ubana. Wa yak kwance ka da sassahe haka, ko tsinke igiya kay yi?"

Haka Rabo da Ajuma suke gaisawa yau shekara talatin. Shi Ba'are ne, maharbi, mutumin Matankari, ita kuwa Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu na cikin fadama gabas da gari. Tsakanin Ba'are da Bafulatani akwai wasa tun kaka da kakanni, ba a fushi, ba a kai ƙara. Sai dai ran nan ba wasa ya kawo Rabo ba, ko da yake da wasan ya yi niyyar rufe abin da ke cin sa.

Karensa Duna ne ya lalace. Gashi ya zuzzube, fata ta yi fari kamar an barbaɗa mata toka, ga susa har jini. Rabo ya yanka wa doguwar gidansu, wato iskar da suka gada, jan zakara, ya wanke karen da jiƙon maɗaci, duk a banza. Ana cikin haka sai mahaukacin kare ya ciji mutane a Dogon Dutsi, kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ba da oda duk karen da aka ga ciwo a jikinsa gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya harbe shi. A zamanin nan kuwa, in Nasara ya ce a harbe, ba mai tambayar dalili.

Illo ne ya tsaya masa, malamin dabbobi, ɗan gari da ya yi lakwal, wato makarantar boko, wanda ke bin likitan Nasara wajen hujin shanu na rigakafi. Ya kankari fatar Duna a kan ɗan gilashi, ya leƙa cikin madubin likita, ya ce babu ƙwaron ƙazwa ko ɗaya. Ya ce shekara biyu ke nan duk garin da suka sauka suna duba karnuka da kyanwoyi, suna tambayar abin da ake ba su. Karnukan ruga da kyanwoyin mahauta gashinsu sheƙi yake yi, masu cin dusa zalla su ke zubar da gashi. A ba Duna nono da ɗan maiƙo kullum. Wata guda za su yi a Tibiri, in sun dawo gashi bai fara tsirowa ba, to shi ba shi da bakin hana gardi.

To, a nan gizo ke saƙa. Rabo ya gaji doka daga ubansa cewa karen farauta ba ya lasar nono, in ya lasa hancinsa ya mutu. Dusa da ƙasari, sai kayan ciki ranar da aka yi sa'a a daji. Shekara tara yana cika baki a kasuwa da dokar nan, yana nuna Duna a matsayin shaida. Shi ya sa ya ɗaure karen bayan wata sabara kafin ya iso ruga, ya shigo yana taƙama kamar mai karɓar haraji.

"Bodo niz zo amsa," in ji shi, yana nufin harajin kai. "Kowace sahiya ƙwarya guda ta nono, har wata shi mutu. Baiwa ba ta tambayar ubangijinta dalili."

"Nono? Kai? Ba kai ac cewa abincin marasa ƙashi na ba?"

"Har gobe haka nike cewa. Dube ki, in iska ta taso sai an ɗaura miki dutsi ga zane."

"Gara ni. Kai da an ka tsaga ma baki har kunne don tuwo shi samu wurin wucewa, mi za ka yi da nono?"

"Baƙi gare ni."

"Wane baƙo za shi sauka gidanka? Ko ɓera sai da guzuri shike shiga."

"To cikina ka ciwo."

"Cikin da yac cinye bushiya da ƙayarta? Rabo, ƙaryar Ba'are ba ta da ƙahwa. Sake wata."

"Doguwar gidanmu ta tambaya."

"A'a, ita kam na san ta. Ta hi ka kunya, da tana so da kanta za ta zo."

Rabo ya buɗe baki zai sake wata, sai suka ji kuka siriri daga bayan sabara. Kafin ya juya, ga Duna tafe yana jan guntuwar igiya, ya ci ta ya tsinke. Kunya ta rufe Rabo, don karen ya zama abin kau da kai. Ya daka masa tsawa, don ya san Duna ba ya barin baƙo ya matso shi, yara ma zagaye ƙofar gidan suke yi. Amma karen ko kallonsa bai yi ba. Ya wuce shi, ya je gaban Ajuma yana kaɗa wutsiya, ya kwanta ya ɗora haɓa kusa da ƙwaryarta.

Ajuma ta daina dariya. Ta daɗe tana duban ƙurajen bayansa da haƙarƙarin da suka fito.

"Wayyo Duna," ta ce a hankali. "Haka yam mai da kai?"

"Ina kis san sunanai? Ina yas san ki?"

"Zamna, Rabo."

"Ba ni zamnawa ga tabarmar baiwa."

"Zamna nic ce. Wagga ba wasa ba ta."

Ya zauna. Shekara talatin bai taɓa jin ta faɗi haka ba.

"Lantana ta sa ni rantsuwa," in ji Ajuma, "amma ba ta sa ni in yi shiru har a harbe shi ba. Na ji zancen Illo, duk fadama ta ji."

Lantana matar Rabo ce. Ta rasu da kakar bara, tun ran nan kuwa Ajuma ba ta sake shiga gidan da talla ba, don babu macen da za ta yi wa sallama.

"Tun shina ɗan kwikwiyo," ta ci gaba, "da ka ɗauki kalme ka nuhi gona, ni kau in shigo. Ludayi ukku take amsa, da ɗan man shanu ran da niy yi burga, ta auna mani hatsi daga 'yar gonarta. Ba ita ka sha ba. Nashi na."

"Ƙarya kike yi, Bahillata."

"To tambayi karen. Kai yag gaishe, ko ni?"

Rabo ya dubi Duna, Duna kuwa ƙwarya yake kallo. Sai lissafin ya zo masa da kansa, ba tare da ya nema ba. Lantana ta rasu da kaka, kafin rani ya raba gashin ya fara zuba. Shi kuma tun da gwiwa ta fara ba shi wahala bai sake fita farauta ba, balle karen ya ga kayan ciki. Dusa kaɗai yake zuba masa, yana ganin amanar ubansa yake riƙewa.

"Barewar nan da yak kama shekarar fara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wadda niz zagaya kasuwa da ita ga kahwaɗa."

"Ran nan da sahe ludayi huɗu yas sha. Ita tac ce a ƙara mai, za shi gudu mai nisa."

"Kenan hancinai bai mutu ba."

"Hancin wa? Daga bakin rijiya shike jin ƙamshin ƙwaryata."

Abin da ya fi ƙona wa Rabo rai ba dokar da ta karye ba ce. Tunawa ya yi da yadda yakan dawo kasuwa yana ba Lantana labarin yadda ya ƙure maharban Tibiri da hikimar ubansa, ita kuwa tana tankaɗe, tana cewa, "Ai gaskiyarka." Shekara tara tana ce masa haka. Ya rasa ko haushinta zai ji ko kewarta, sai kewar ta fi ƙarfi.

"Don mi ba ta hwaɗa mani ba?"

"Da ka ji?"

"Da ban ji ba."

"To ka gani. Tac ce ubanka ya mutu bai bar ma komi ba sai baka da wagga doka. In ta amshe ma dokar, mi yar rage? Ta bar ma abinka, ta ciyar da karenta."

"Ubana ba wawa ba na, Ajuma."

"Ban ce ba. Zamaninai daji cike shike da nama, karenai kullum bakinai da maiƙo, mi za shi yi da nono? Kai kau kar riƙe dokar bayan daji ya ƙare. Illo sai da yal leƙa madubin Nasara kahin shi gane, Lantana kau daga bakin murhu tag gani."

"Ke dai kin samu Ba'are ƙasa, sai ki taka."

"Yaushe niƙ ƙi? Irin wagga rana ba kullum take zuwa ba."

Ta jawo ƙaramar ƙwarya, ta zuba ludayi uku, ta ɗebo man shanu da yatsa ta narka a ciki. Duna ya miƙe yana rawar jiki, amma bai sa baki ba. Ajuma ta tura wa Rabo ƙwaryar.

"Amshi. Kyauta ta, har wata shi mutu, sadaka ga bawan da ba shi da wayo. Ba shi sha ga ƙasa hwa, Lantana riƙe mai take yi."

Rabo ya karɓa da hannu biyu. Ya durƙusa da kyar saboda gwiwa, ya miƙa. Karen ya shinshina, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ja da baya. Shekara tara wannan hannun ne ke korar sa daga ƙwarya.

"Ya ƙi," in ji Rabo, tsoro ya kama shi sosai. "Ajuma, ya ƙi. Na yarda, yau ni ab bawa, ke ad da gida. Gwada mani yadda take yi."

"Magana take yi mai."

"Mi take cewa?"

Ajuma ta ja gefen zane ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"In hwaɗi?"

"Hwaɗi mana!"

"Cewa take yi, sha maza-maza, kahin mai taurin kan nan shi komo."

Dariya ta ƙwace wa Rabo, ya yi ta yi har nonon na neman zubewa, hawaye na bin tsagar kumatunsa, bai kuma damu ya share ba. Da ya samu numfashi sai ya gyara riƙon ƙwaryar, ya sunkuya kusa da kunnen karen.

"Sha, Duna," ya ce. "Sha maza-maza, kahin mai taurin kan nan shi komo."

Duna ya sa baki.