Kananzirinmu Ya Tafi Karatu

Jama'a, jiya tun da hantsi nake layin kananzir a kantin Bature, domin uwargidana Ummu ta rantse ba za ta ƙara tuƙa tuwo cikin duhu ba. Layi na zuwa kaina aka ce ya ƙare. Wai an kwashe zuwa makarantar boko, za a tayar da injin wutar lantarki saboda babban baƙo.

"Mu tahi," in ji maƙwabcina Dabo. "Ko ba mu samu ba, mu yi ma kananzirinmu bankwana."

Muka tarar Malam Lawwali, mai koyar da yaran, ya toshe tagogin aji da barguna. Kayan gwajinsa daga Ingila suke, raƙumi ya ƙaraso da su Illela. Ya kunna wata 'yar kwalba mai iskar gas a ciki. Ya ce kowace iska da irin haskenta. In ka leƙa ta wani gilashi mai kusurwa uku, hasken zai rabu layi-layi, yara su auna inda kowane layi ya tsaya, su gane wace iska ce. Amma fa sai cikin duhu.

Gani ya kori ji. Na leƙa, wallahi ga ja, ga shuɗi, siri-siri kamar zaren saƙa. Har na fara yafe kananzirina.

Sai ga babban baƙon, Mai Girma Sarkin Alkawari, wanda ya haƙa mana rijiya da baki bara. Ya ja ya tsaya a ƙofa.

"Ni in shiga duhu? To wa zai gan ni? A buɗe tagogi!"

Malam ya buɗe baki, ya tuna da iyalinsa, ya buɗe tagogi. Rana ta shigo, layuka suka ɓace. Mai Girma ya leƙa, ya ce madalla, sannan ya kama jawabi kan hasken ilimi. Inji na ta shan rabonmu har ya yi tari ya mutu. Ko yaro ɗaya bai auna komai ba.

"Wai mi yag gani?" in ji Dabo.

"Oho," na ce. "Shi dai an gan shi."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na koma gida da kwalbata fanko, Ummu kuwa ta cika rantsuwarta, na kwana da yunwa.

Malam Lawwali, in har yanzu kana neman ɗaki mai duhu sosai, kawo yaranka gidana. Can babu mai cewa a buɗe taga.