Rigar Farautar Baba

Ina shago a unguwar Xiaobei ta ƙasar China yayata ta kira ta ce Baba ya rasu. A ƙarƙashin teburina akwai rigar farauta mai dabbare-dabbare irin ta soja da na saya masa. Baba tsohon maharbi ne. Ranar da na nuna masa ita a waya dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, barewa ba ruwanta da riga, iska take shaƙa." Na yi masa gardama.

Bayan zaman makoki na ƙudura sai na gwada. Ranar Juma'a na ja abokina Isufu, mutumin Maradi, zuwa wani lambu da ake kiwon barewar China, masu ƙaho kamar reshen itace. Na sa rigar, na tsuguna cikin ciyawa, na tabbata na ɓace. Na manta da turaren masallaci da na bulbula wa jikina.

Babban namijinsu ya ɗaga hanci, ya nufo ni kai tsaye. Na ƙara lafewa cikin ciyawa. Hucinsa a wuyana, ƙahonsa na goga min kunne, ina ta salati. Na ce shi ke nan, Inna za ta karɓi gaisuwa biyu.

Isufu daga bayan shinge ya ce, "Kar ka motsa, Sarkin Baka, ai bai gan ka ba!"

Wata tsohuwa 'yar China ce ta janye shi da karas.

Har yau Sarkin Baka ake kirana a Xiaobei. Rigar tana nan ƙarƙashin tebur, kuma ban samu na gaya wa Baba shi ke da gaskiya ba.